Distiroya: Ƙaramin jirgin yaƙin da ya hana manya barci, da wasan da ke kawo shi cikin wayarku

Daga Bodinga ko Shagari zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Ɗalibi na iya gama sakandare a Sifawa, Danchadi ko Dingyadi bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Shagari faɗi ba. Amma yanzu, da wayar yayansa da ɗan data, zai iya zama kyaftin na jirgin yaƙi na minti 20, ya ratsa tsakanin tsibirai, ya harba makamai, ya nutsar da abokin karawarsa da ke zaune a wata ƙasa.

A irin waɗannan wasanni, jirgin da sabon shiga ke fara cin karo da shi sau da yawa shi ne wani siriri mai gudu, wanda harbi kaɗan ke halaka shi. Sunansa distiroya. Masu wasan ba ƙirƙirarsa suka yi ba. Jirgi ne na gaske da aka fara ƙerawa shekara fiye da 130 da suka wuce, kuma tarihinsa ya gifta ta kan sojojin Nijeriya ta hanyar da 'yan kaɗan suka sani.

Ƙaramin makami, babbar matsala

A 1866 wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya ƙera makamin da ake kira tofido. Bam ne dogo mai siffar kifi, mai inji da farfela, wanda ke tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa. Harsashin igwa yakan bugi jirgi a sama, inda aka lulluɓe shi da ƙarfe mai kauri. Shi kuwa tofido ƙasa yake nufa, ya huda cikin jirgin inda ruwa zai shiga.

Nan take manyan ƙasashe suka shiga damuwa. Sun kashe dukiya mai yawa wajen ƙera manyan jirage masu sulke, ga shi ƙaramin jirgi mai araha, ɗauke da tofido biyu ko uku, zai iya laɓaɓowa cikin dare ya nutsar da su. Igwoyin manyan jiragen suna da nauyi, ba sa juyawa da sauri, ga jinkiri wajen ɗura harsashi. Kamar a ce mutum ya kashe sauro da taɓarya.

Maganin da aka samo shi ne a ƙera wani jirgin da ya ɗan fi na tofidon girma da gudu, a ɗora masa ƙananan igwoyi masu saurin harbi, aikinsa ya tare su kafin su iso. Sifen ta sa aka ƙera mata wani mai suna Destructor, ya fara aiki a 1887. Ingila ta biyo baya da HMS Havock a 1893, wanda nauyinsa bai kai tan 300 ba, amma yana gudun not 27. Not shi ne ma'aunin gudu a teku, kuma not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Ke nan Havock na yin kilomita 50 a awa a kan ruwa. Cikakken sunan irin wannan jirgi a Turance yana nufin mai halaka jiragen tofido, daga baya aka taƙaita shi ya koma distiroya kawai.

Ba a daɗe ba aka gane cewa mafaraucin ma zai iya ɗaukar tofido. Sai ya haɗa aiki biyu: ya kare manyan jiragen ƙasarsa, ya kuma kai wa na abokan gaba hari. Wanda ya karanta tarihin Daular Usmaniyya zai gane wannan tsari. Babban jirgi kamar ɗan lifidi ne, doki da mahayi a lulluɓe, ga ƙarfi amma ga nauyi. Distiroya kuma kamar barde ne a kan doki mara lifidi, wanda ke leƙen asiri, ya kai sara, ya janye kafin a juyo kansa.

Gudun da aka saya da tsada

Neman gudu ya sa aka rage wa waɗannan jirage komai. Ƙarfen jikin na farkon bai wuce kaurin milimita 3 ba a wasu wurare. Injuna da tukwanen tururi suka cinye yawancin cikin jirgin, ma'aikata suka matsu a ɗan abin da ya rage. A 1897 Charles Parsons ya nuna wa duniya sabon injin tururi mai jujjuya farfela a jirginsa Turbinia, wanda ya yi gudun not 34. Bayan shekara biyu aka sa irin wannan inji a distiroya HMS Viper, ya haura not 36.

Sai dai a 1901 Viper ya hau kan duwatsu cikin hazo ya lalace, kuma a shekarar ce wani ɗan'uwansa, HMS Cobra, ya karye biyu a teku, mutane da dama suka mutu. Wannan ya sa daga 1903 Ingila ta koma ƙera distiroya masu ƙwari da ɗagaggen goshi, ko da gudunsu zai ragu, domin gudun da jirgi zai yi a ruwa kwance kawai ba ya da amfani ranar da teku ta tashi.

Rayuwa a ciki ba daɗi. Igiyar ruwa na wanke saman jirgin, gado da tufafi a jiƙe, abinci na zubewa. A can ƙasa, masu zuba gawayin kwal a wuta suna aiki da shebur cikin zafin da ya fi na Sakkwato a watan Afrilu, ba iska, ba hasken rana.

Daren Port Arthur da ranar Jutland

Gwajin farko na gaske ya zo a daren 8 ga Fabrairu, 1904, lokacin da distiroya 10 na Japan suka afka wa jiragen Rasha da ke tsaye a Port Arthur. Sun harba tofido 16, uku kacal suka samu. Amma ukun nan sun raunata biyu daga cikin mafi kyawun manyan jiragen Rasha, Retvizan da Tsesarevich, da wani na uku, Pallada. Ku lura da wannan lissafi: jiragen da aka harba a tsaye suke, ba su shirya ba, duk da haka 13 cikin 16 suka kuskure.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, harbin farko da Ingila ta yi a teku daga distiroya ya fito, HMS Lance, ranar 5 ga Agusta, 1914. Karo mafi girma kuwa shi ne na Jutland, daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, 1916, tsakanin Ingila da Jamus. Jirage wajen 250 suka hallara, fiye da rabinsu distiroya ne da makamantansu. Ingila ta rasa jirage 14, takwas daga ciki distiroya. Jamus ta rasa 11. Da asubar rana ta biyu wani tofido daga distiroyan Ingila ya sami tsohon babban jirgin Jamus, Pommern, ya tarwatse, ba wanda ya tsira daga mutum fiye da 800 da ke ciki. Jimillar waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu ta haura 8,500, cikin ƙasa da kwana ɗaya.

Akwai kuma labari mai ban mamaki. A ƙarshen 1916 tofido ya cire wa HMS Nubian goshi, nakiya kuma ta cire wa HMS Zulu baya. Da yake samfurinsu ɗaya, sai maƙera a Chatham suka haɗa gaban Zulu da bayan Nubian, suka sami jirgi guda, suka raɗa masa suna Zubian. Ya koma fagen daga a 1917.

Daga baya babban aikin distiroya ya zama rakiya. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna ta nutsar da jiragen kaya, har Ingila ta fara jin tsoron yunwa. A 1917 aka koma tura jiragen kaya a ayari, distiroya na zagaye da su. Dabara ce da fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suka daɗe da sani: ba a bin hanya mai haɗari ɗai-ɗai, sai a ayari, da madugu, da jagaba a gaba, da masu makami a gefe. Asarar jiragen kaya ta ragu sosai bayan haka.

Mendi: inda labarin ya taɓa mu

SS Mendi jirgin fasinja ne na kamfanin Elder Dempster, mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. A 1916 gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya, aka gyara shi a Legas don jigilar sojoji, ya kwashi sojojin Nijeriya zuwa fagen yaƙi a Gabashin Afirka. Rundunar Nijeriya ta wancan lokaci cike take da 'yan Arewa, kuma Hausa ce harshen bariki. Da yawansu ranar da suka hau jirgi ita ce ranar farko da suka ga teku.

Bayan ya sauke su, Mendi ya ɗauki leburorin soja baƙar fata fiye da 800 daga Afirka ta Kudu zuwa Faransa. Ya tsaya a Legas, ya wuce Ingila, daga nan distiroya HMS Brisk ya yi masa rakiya. Da misalin ƙarfe 5 na asubar 21 ga Fabrairu, 1917, cikin hazo mai kauri, wani jirgin kaya mai suna Darro, wanda ya kusa ninka shi uku a girma, ya soke shi a gefe. Cikin ƙasa da rabin awa Mendi ya nutse. Darro bai sauke ko kwalekwale ɗaya don ceto ba. Ma'aikatan Brisk ne suka sauke nasu, suka riƙa laluben mutane cikin duhu da ruwan sanyi. Fiye da mutum 600 suka mutu. Har yau Afirka ta Kudu na tunawa da 21 ga Fabrairu a matsayin ranar sojojinta, kuma tana da lambar yabo ta jarumta mai sunan Mendi.

Ba a harba harsashi ko ɗaya ba a wannan asuba. Hazo ne, da gudu fiye da kima, da sanyin ruwa. Aikin da aka fi tunawa da Brisk da shi kuwa shi ne tsamo mutane.

Wasan ya girmi kwamfuta

Wasan yaƙin teku ba da waya ya fara ba. A 1898 wani ɗan jarida kuma mai zane a Ingila, Fred T. Jane, ya wallafa littafin da ya tattara bayanan jiragen yaƙin duniya, ya kuma fito da wasa na ƙananan jiragen kwaikwayo da ake turawa a kan tebur bisa ƙa'idoji. Kwalejin yaƙi ta sojojin ruwan Amurka da ke Newport ta riga ta fara irin wannan atisaye tun shekarun 1880. Dalilinsu a fili yake: kuskure a kan tebur ba ya cin rai, ba ya cin jirgi.

Na yau sun koma allo. World of Warships, wanda kamfanin Wargaming ya fitar a 2015, yana haɗa 'yan wasa 12 da 12, kuma a matakansa na farko akwai distiroya na gaske na farkon ƙarni na 20, irin su Umikaze na Japan, V-25 na Jamus da Sampson na Amurka. Akwai ɗan'uwansa na waya, World of Warships Blitz. Wasu kuma, irin su Rule the Waves da Ultimate Admiral: Dreadnoughts, suna ba ɗan wasa damar zana jirginsa da kansa. A nan zai gamu da matsalar da ta dami injiniyoyin 1900: in ka ƙara sulke jirgi ya yi nauyi ya rage gudu, in ka ƙara inji wurin makamai ya ragu, in ka jibga igwoyi a sama ya riƙa tangaɗi. Ba a samun duka.

Lissafin da ke ɓoye a ciki

Tofido ba ya bin jirgi a wancan zamani. Inda aka nufa da shi nan yake zuwa. Don haka wurin da jirgi zai kasance ake harba, kamar yadda ɗan ƙwallo ke tura ƙwallo gaban abokinsa mai gudu.

Ga misali ku gwada a littafinku. Jirgin abokan gaba yana nesa da ku mita 4,000, kai tsaye a gabanku, yana gifta ku daga hagu zuwa dama da gudun not 18. Tofidonku na gudun not 30. A kowane lokaci, in tofido ya yi tafiyar kashi 30, jirgin ya yi 18, wato 5 da 3. Ku zana alwatika mai kusurwar digiri 90: gefe ɗaya nisan da ke tsakaninku, ɗaya tafiyar jirgin, mafi tsawon kuma tafiyar tofido. Wannan ita ce alwatikar 3, 4, 5 ta darasin Pythagoras. Jirgin zai yi mita 3,000, tofido ya yi 5,000. Kusurwar da za ku karkata ita ce wadda sin ɗinta yake 0.6, wato kusan digiri 37. Not 30 kusan mita 15.4 ne a daƙiƙa, saboda haka tafiyar za ta ɗauki wajen minti biyar da rabi.

Yanzu ku ce kun yi kuskuren not 1 kawai wajen ƙiyasta gudun jirgin. Not 1 kusan rabin mita ne a daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 325 kuskuren ya kai mita 160 da ɗoriya, kusan tsawon babban jirgin gaba ɗaya. In kuma kyaftin ɗinsu ya ɗan juya akala cikin mintunan nan biyar, lissafin ya rushe. A wasa, kwamfuta na zana muku layin da za ku bi. Jami'in 1916 da ido yake ƙiyasi, cikin hayaƙi, jirgi na jijjiga, ana harbinsa.

Abin da wasan ba ya nunawa

A wasa, tofido na sake cika bayan ɗan lokaci. Distiroya na gaske 'yan ƙalilan yake ɗauka, in sun ƙare sai ya koma tasha. A wasa, in jirginka ya nutse ka danna ka ɗauki wani. Ba a nuna mutum 70 ko 80 da ke ciki, da yawansu ba su girmi ɗan aji shida da yawa ba.

Mu a nan ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da ruwa ke yi. A watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu yara da matasa. Allah Ya jiƙansu. Ƙa'idar da ke riƙe jirgin yaƙi a kan ruwa ita ce ke riƙe kwalekwale. Abu na yawo a saman ruwa ne in ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Kowane mutum ko dami da aka ƙara, jirgi na ƙara nutsewa, bakinsa na kusantar ruwa. Nauyin da ke sama, kamar mutane a tsaye ko kaya da aka tula, shi ke sa siririn jirgi kifewa da ɗan motsi. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya san dalilin da zai sa ya ƙi shiga kwalekwalen da ya cika, ya zauna a ƙasa in ya shiga, ya nemi rigar kariya in akwai. Ya kuma iya yi wa ƙannensa bayani.

Akwai kuma batun aljihu da lokaci. Yawancin wasannin nan kyauta ake saukewa, amma an gina su ne don su ja ka ka sayi jirage da kayan ƙari da kuɗi. Suna cin data da caji. Wasa ɗaya na jawo na biyu, sai ka ga an kira sallar Isha'i ba a buɗe littafi ba. Mai shirin WAEC ko NECO ya sa wa kansa iyaka, ya bar wasa sai ƙarshen mako. Kada a taɓa sa katin banki na wani a wasa, kada kuma a ba baƙo lambar waya ko adireshi a wurin hirar wasan.

In ba waya, ga takarda

Akwai wasan yaƙin teku da ba ya buƙatar caji, kuma tun wajen zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake yin sa. Ku biyu, kowa ya zana murabba'i biyu masu gida 10 a tsaye, 10 a kwance. Ku sa haruffa A zuwa J a sama, lambobi 1 zuwa 10 a gefe. A murabba'i na farko kowa ya ɓoye jirage biyar: mai gida 5, mai 4, biyu masu 3, da distiroya mai gida 2. Sai ku riƙa kiran gida bi da bi, misali D7, abokin karawa ya ce an samu ko an kuskure, ku rubuta a murabba'i na biyu. Wanda ya fara nutsar da jiragen ɗan'uwansa duka ya ci.

Za ku lura cewa distiroya ne ya fi wuyar samu. Ga dabara: tunda ƙaramin jirgi gida biyu ne a jere, ba sai kun harbi gida 100 ba. Ku riƙa tsallake ɗaya kamar zanen dara, gida 50 sun isa ku taɓa kowane jirgi.

Aradu, Damisa da Kada

Rundunar sojojin ruwan Nijeriya an kafa ta a 1956. Jirgin da ya daɗe a matsayin babbanta, NNS Aradu, kamfanin Blohm + Voss na Jamus ne ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982, lokacin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Tsawonsa mita 125 ne, ya ninka Havock fiye da sau biyu, kuma aikinsa ya gaji na distiroya: rakiya, sintiri da farautar jiragen ƙarƙashin teku. Sunansa Hausa ne, haka ma na NNS Dorina, NNS Damisa, NNS Kyanwa da NNS Kada. 'Yan Arewa sun shugabanci rundunar, ciki har da Murtala Nyako daga Adamawa da Awwal Zubairu Gambo daga Kano.

Ga ɗalibi ko ɗalibar da abin ya burge, hanya ta bi ta aji. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna na ɗaukar masu son zama jami'an sojan ruwa, makarantar Onne a Jihar Ribas na horar da ƙananan sojoji, ta Oron a Jihar Akwa Ibom kuma na koyar da tuƙi da injiniyancin jiragen kasuwanci. Dukansu suna duba sakamakon Lissafi da Turanci, ɓangarorin injiniyanci da tuƙi kuma suna neman Fiziks. Ku fara da alwatikar mita 4,000 ɗin nan. Ku sauya gudun jirgin zuwa not 15, ku nemo sabuwar kusurwar, ku kai wa malamin Lissafi ya duba muku ranar Litinin.